Na samu abin da na yi shekara tara ina jira, amma zuciyata shiru

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun nan, abu ne ya tsaya min a rai na rasa wanda zan faɗa wa. Shekara tara ni da maigidana muna tari don mu gina namu muhallin. Duk abin da ya taso a gidan amsarsa ɗaya ce: bari mu tare tukuna. Ziyara, bari mu tare. Hutu, bari mu tare. Ko labulen ɗaki ban yarda na canja ba, ina cewa ai na sabon gida zan saya. To Allah Ya cika mana buri, wata biyu ke nan da tarewarmu. Na yi sujadar godiya, na yi kwana uku ina zagaya ɗakuna ina shafa bango. Amma yanzu in na idar da sallar asuba sai in zauna a kan sallaya in ji kamar an kwashe wani abu daga ƙirjina. Ba baƙin ciki ba ne, ba kuma wani ya ɓata min ba. Abin da nake tashi dominsa kullum ne ya ƙare.

Abin da ya fi damuna shi ne wani dare da yake ta dawo min. Muna gidan haya, ina zaune da littafin lissafi ina haɗa abin da ya rage mana, babban ɗana yana shekara biyar a lokacin. Ya zo da guntuwar takarda ya rubuta sunansa da kansa karo na farko, harafin ƙarshe ma a juye yake. Ban ɗago sosai ba na ce masa, "Ajiye can, ina lissafi." Ban sake ganin takardar ba. Yau shekararsa goma sha uku, ba ya kawo min takarda.

Don Allah ku faɗa min gaskiya, butulci nake yi? In kuma ba babban buri ne yake riƙe da rayuwar mutum ba, mene ne?

Malam Mai Alli:
Wa alaikumus salam. Hajiya, Allah Ya sanya albarka a gidan, Ya sa ku ga jikoki a cikinsa. Ba butulci ba ne. Mai butulci ba ya tsayawa ya tuhumi kansa.

Ni dai a fahimtata, buri daban, niyya daban, mu ne muke cakuɗa su. Buri yana da ranar ƙarewa, in an cim masa shi ke nan. Niyya kuwa kullum ake sabunta ta. Ba banza ba Imamul Bukhari ya buɗe littafinsa da hadisin Sayyidina Umar cewa ayyuka suna tare da niyyoyi, Imamun Nawawi ma da shi ya fara hadisai arba'in ɗinsa. Amma wanda ya fi dacewa da maganarki shi ne na Sa'adu bn Abi Waƙƙas. Ya kwanta ciwo a Makka har ya fitar da rai, Manzon Allah (SAW) ya je duba shi, sai ya nemi izinin ya sadaukar da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa. Aka hana shi. Ya ce rabi, aka hana shi. Aka tsaya a kashi ɗaya cikin uku, aka ce shi ma da yawa. Sannan Annabi ya gaya masa cewa ba abin da zai ciyar don neman yardar Allah face an ba shi lada, har lomar da zai sa a bakin matarsa. Ki duba, shi babban aiki yake so ya rufe rayuwarsa da shi, aka nuna masa loma. Mu'azu bn Jabal kuma cewa ya yi yana neman lada a barcinsa kamar yadda yake nema a tsayuwar darensa.

Gidan ya ginu. Abin da aka gina shi dominsa yanzu ma zai fara.

Direban Dare:
Malam, Allah Ya gafarta maka, ba musu zan yi da hadisi ba. Amma ku bar ni in faɗi abin da ke raina. Irin wannan zancen na wanda ya samu ne. Hajiya ta shiga gidan kanta tana neman ma'anar rayuwa, ni kuwa ma'anar rayuwata a yanzu ita ce kada mai gida ya turo min takardar tashi. Ina fita bayan isha'i, ba na dawowa sai gari ya kusa wayewa, bayana kamar an sa min dutse. In wani ya zo ya ce min in ji daɗin ƙananan abubuwa, wallahi ji nake kamar cewa yake in yi shiru in gode. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Maman Biyu:
Yayana, ka yi gaskiya, kuma na ji kunya da na karanta. Na san zafin haya, shekara goma sha huɗu na yi a cikinta. Allah Ya buɗa maka ta inda ba ka zato. Ban rubuta don in nuna na samu ba, Allah Ya sani.

Direban Dare:
Amin ƙanwata. Ba da ke nake ba, kada ki ɗauka da zafi.

Anti Nas:
Shekarata goma sha bakwai ina aikin jinya, yawanci a ɗakin masu doguwar kwanciya. Ban yi karatun falsafa ba, abin da idona ya gani zan faɗa.

Akwai wani dattijo da muka yi jinya bayan ya samu shanyewar ɓarin jiki. Daga irin mutanen da suke zuwa duba shi za ka san mai hali ne. Duk bayan awa biyu muke juya shi don kada jikinsa ya yi gyambon kwanciya. Wani dare na zo juya shi sai na ga yana hawaye. Na ce, "Baba, wani waje ne ke ciwo?" Ya girgiza kai. Da ƙyar maganar ta fito, ya ce shekara saba'in yana juyawa a shimfiɗarsa cikin barci bai taɓa sanin ana juyawa ba. Ranar da ya iya riƙe kofi da hannunsa ya kai baki, rabin ruwan ya zube a rigarsa, amma sai da ya sa aka kira matarsa ta zo ta gani.

Ban taɓa jin mara lafiya yana kewar taro ko lambar yabo ba. Abin da suke tambaya shi ne yaushe zan shiga bayan gida da ƙafata, yaushe zan sa goshina a ƙasa, yaushe zan zauna a waje iska ta taɓa ni. Yaya Direba, ba ina cewa ka yi shiru ba ne, hakkinka ne ka nemi sauƙi. Kawai dai waɗannan abubuwan da muke kira ƙanana, ni na ga girmansu a fuskar wanda ya rasa su.

Ɗalibar Halayyar Ɗan Adam:
Anti Maman Biyu, abin da kike ji sananne ne a karatunmu. Zuciya tana sabawa da duk abin da ya daɗe, daɗi ko wuya, sai ta koma kusa da inda take a da. A 1978 wasu masana a Amurka, Philip Brickman da abokan aikinsa, sun tattauna da mutum 22 da suka ci maƙudan kuɗi a cacar tikiti, suka kwatanta su da waɗanda ba su ci komai ba. Ba su same su sun fi sauran farin ciki da wani abin a zo a gani ba. Abin da ya fi ba ni mamaki, sun samu cewa daɗin da suke ji a al'amuran yau da kullum, kamar hira da aboki ko jin abin dariya, ya yi ƙasa da na sauran. Mutanen kaɗan ne, ba za a gina hukunci a kansu kaɗai ba, amma ya yi daidai da labarinki.

Akwai kuma binciken Jami'ar Harvard da aka fara a 1938. Sun bi rayuwar maza 724, wasu ɗaliban jami'ar, wasu yaran unguwannin talakawa na birnin Boston, tun suna samari har tsufa, daga baya aka haɗa da matansu da 'ya'yansu. Abin da ya fi fitowa fili shi ne waɗanda suke da kyakkyawar alaƙa da mutanensu sun fi daɗin rai, sun kuma fi lafiya a tsufa.

Direban Dare:
Ƙanwata, a cikin mutum 22 ɗin nan akwai wanda ya mayar da kuɗin?

Ɗalibar Halayyar Ɗan Adam:
Tambayarka a kan hanya take, Yaya. Masanan ma ba su ce kuɗi ba su da amfani ba. Wanda yake cikin ƙunci, ƙarin samu yana rage masa damuwa ƙwarai, wannan ba a jayayya a kansa. Abin da ake cewa shi ne bayan an toshe yoyon, ƙara rufi a kan rufi ba ya ƙara barci kamar yadda muke zato.

Malam Mai Alli:
Addini ma bai raina maganar Direba ba. Annabi (SAW) da kansa yana neman tsari daga rinjayen bashi. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito kuma, na wanda ya wayi gari kamar an tattara masa duniya, sharuɗɗa uku ya lissafa: aminci a inda yake, lafiya a jikinsa, da abincin yininsa. Wanda yake kwana da fargabar tashi, na farkon bai cika masa ba. Ba daidai ba ne mu yi masa wa'azin wadatar zuci mu wuce, alhali wataƙila a cikinmu akwai wanda zai iya yi masa hanya.

Baƙuwar Zaure:
Kullum karatu nake ba na magana, amma yau na kasa. Malam, da girmamawa, kalmar niyyar nan ita ce aka fi cutar da ni da ita a duniya.

Mahaifina mutumin kirki ne, kowa ya shaida. Bai taɓa bari mun nemi wani abu mun rasa ba. Amma na tashi ban san launin dariyarsa ba. Yana fita muna barci, yana dawowa muna barci. Ranar da na karɓi sakamakon da na fi kowa a ajinmu, na jira shi a bakin ƙofa har barci ya kwashe ni a zaune, da safe na tarar da takardar a kan tebur, ya sa hannu ya fita. Da na girma na taɓa yi masa maganar, sai ya ce, "Ai dominku nake yi." Na yarda dominmu yake yi. Niyyarsa fes take. Amma yau in muka zauna ni da shi, bayan gaisuwa ba mu da abin cewa.

Anti Maman Biyu, ki gafarce ni, ke ma ai niyyarki mai kyau ce daren nan. Domin yaron kike lissafin. Ga shi takardar ta ɓata. To ina amfanin niyyar da wanda aka yi dominsa bai taɓa jin ɗuminta ba?

Maman Biyu:
Ba abin gafara, ƙanwata. Kin taɓa inda yake ciwon. Na karanta sau uku.

Malam Mai Alli:
'Yata, na daɗe ina kallon rubutunki kafin in amsa, domin ni ma uba ne, kuma na ga kaina a ciki.

Malamai ba su taɓa cewa kyakkyawar niyya ta isa ita kaɗai ba. Da aka tambayi Fudailu bn Iyad ma'anar mafi kyawun aiki, cewa ya yi wanda ya fi tsarkin niyya kuma ya fi dacewa. Biyu ne, ba ɗaya ba. Sannan akwai abin da ya fi wannan wuya: mutum yana iya rantsewa a kan niyyarsa alhali bai san ta ba. Sufyanus Sauri ya ce bai taɓa fama da abin da ya fi masa wuya kamar niyyarsa ba, domin jujjuya masa take yi. Imamul Gazali yana koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai kusan 300 a gabansa, sarakuna suna girmama shi. Da ya zauna ya binciki dalilin da ya sa yake koyarwar, shi da bakinsa ya ce ya tarar ba don Allah zalla ba ne, neman matsayi ne da yaɗuwar suna. Abin ya ci shi har harshensa ya ɗaure ya kasa ba da darasi. A shekara ta 488 bayan Hijira, wato 1095, ya bar kujerar ya fita, sai bayan kimanin shekara goma sha ɗaya ya koma koyarwa a Naisabur.

In irin wannan malami zai sami gauraye a niyyarsa, ni wane ne? Sau nawa na ce don iyalina nake daɗewa a makaranta, alhali wani ɓangare na zuciyata daɗin yabon da ake min a can yake ji, gida kuwa ba mai tafa min? "Dominku nake yi" gaskiya ce, amma sau da yawa ba ita kaɗai ce a cikin zuciyar ba. Ba ina yanke wa mahaifinki hukunci ba, wataƙila shi ma haka aka rene shi, bai san wata hanyar nuna so ba. Kaina nake faɗa wa.

Baba Mai Ritaya:
'Ya'yana, ku bari tsoho ya sa baki. Shekara 35 na yi ina aiki. Wayata ba ta minti goma ba ta yi ƙara ba. Sati biyu da ajiye aiki ta yi tsit, har nakan ɗauka in duba ko lalacewa ta yi. Shirun da Maman Biyu take ji da asuba na san shi, na yi shekara guda cur a cikinsa.

Wata rana na ɗauki biro na yi lissafi. Hadisi ya ce shekarun al'ummar nan tsakanin sittin ne zuwa saba'in. Shekara 60 kwana 21,900 ne, in ka bar 'yan kwanakin da ke ƙaruwa. Na zauna in ƙirga manyan ranakun rayuwata: ranar da na gama karatu, ranar ɗaukar aiki, aure, haihuwar kowane yaro, ƙarin girma, tarewa a gida. Ban kai arba'in ba. Sauran dubu ashirin da ɗaya da ɗoriya fa? Su ne ranakun da na riƙa tsallakewa ina sauri in kai ga na gaba. Ashe su ne rayuwar.

Yanzu ina da wata bishiya da na dasa a tsakar gida, ba ta kai ƙuguna ba. Na san ba lalle in zauna a inuwarta ba. Kowace safiya ni da jikata muke ba ta ruwa, ita ke riƙe da ƙaramin bokiti, rabi a ƙasa rabi a ƙafarta. Jiya ta ƙirga sababbin ganye huɗu, ta hana ni shiga ɗaki sai da na sa tabarau na tabbatar. Akwai hadisin da ya ce in Alƙiyama ta tsaya alhali a hannun ɗayanku akwai dashe, in zai iya dasa shi kafin ta tsaya, to ya dasa. Da ina ganin hadisin ƙarfafa noma ne kawai. Yanzu nakan tambayi kaina, wa zai ci 'ya'yan dashen da aka yi ranar tashin duniya? Ba kowa. Amma aka ce a dasa.

Baƙuwa, 'yata, ni ma irin mahaifinki ne. In ɗiyata ta kira ni ba don wata buƙata ba, yini nake ina jin daɗi, amma ba zan iya gaya mata ba. Mu tsofaffin nan bakinmu nauyi gare shi.

Baƙuwar Zaure:
Baba, ka sa ni kuka. Ban yi alkawari ba, domin abin ya daɗe yana taruwa. Amma na ji.

Ɗalibar Halayyar Ɗan Adam:
Maganar Baba ta tuna min da Viktor Frankl, likitan ƙwaƙwalwa ɗan birnin Biyana na ƙasar Ostiriya. Daga 1942 zuwa 1945 yana tsare a sansanonin 'yan Nazi, wato gwamnatin Hitler ta Jamus, iyayensa da matarsa da ɗan'uwansa duk a can suka mutu. Da ya fito ya rubuta cewa mutum yana samun ma'ana ta hanya uku: aikin da yake yi, wanda yake so, da yadda ya tsaya a gaban wahalar da ba shi da ikon kawar da ita. Ya ba da labarin wata yamma da suka dawo daga aikin bauta a galabaice, wani fursuna ya shigo da gudu yana kiransu su fito su ga faɗuwar rana. Kuma suka fito.

Direban Dare:
To, tunda kowa ya buɗe cikinsa. Har yanzu ina kan bakana, wanda bai biya haya ba faɗuwar rana ba za ta biya masa ba. Kuma ba na son a riƙa nuna wa talaka wanda ya fi shi wahala don a rufe masa baki. Amma akwai abu ɗaya. 'Yata ƙarama shekararta huɗu, ta san ƙarar motata a cikin motoci. Ko ƙarfe nawa na dawo, kafin in kashe inji zan ji ana kokawa da sakata. Ba ta kai ba, sai ta taka wani abu. In na shigo ba ta cewa komai, idonta ma a rufe, sai ta kama ɗan yatsana ta ja ni ciki ta koma barci. Daga kwanar layinmu zuwa ƙofa nakan rage gudu don kada in zo ba ta farka ba. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko uwarta.

Anti Nas:
Allah Ya raya ta, Ya sa ta buɗe maka ƙofar gidan kanka.

Malam Mai Alli:
Amin. Direba, ka yi min magana ta gefe in ba damuwa, akwai abin da nake so mu tattauna game da hayar.

Maman Biyu:
Na dawo, 'yan uwa. Jiya bayan magariba na shiga ɗakin yaron, na zauna a bakin gadonsa. Sai da ya tsorata, ya ɗauka laifi ya yi. Na tambaye shi ko ya tuna wata takarda da ya taɓa kawo min da sunansa. Ya yi ta tunani, ya ce bai tuna ba. Ban san ko daɗi na ji ko zafi ba. Har na miƙe zan fita sai ya ce, "Mama, kina da lokaci?" Ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin gado. Ashe wata uku yana haɗa 'yar fanka da injin tsohuwar motar wasa da murfin roba da ya yanka ya yi fukafukai. Tun muna tsohon gida ya fara, a cikin kayansa ya ɓoyo ta. Na zauna a ƙasa kusan minti arba'in yana min bayanin wayoyi, ja da baƙa, ban fahimci rabi ba. Yau da asuba shirun yana nan, ban ce ya tafi ba. Sai dai ina kan sallaya na tsinci kaina ina tunanin fankar.

Matsalar ita ce tana juyawa kaɗan sai ta tsaya, ko an sa sabon batir. Akwai wanda ya san abin da ke kawo haka? Na yi masa alkawarin zan tambayo.

Direban Dare:
Ƙanwata, ki ce ya duba inda wayar ta haɗu da injin, galibi nan take saki, in ta motsa wuta ta yanke. In nan lafiya lau ne, to fukafukan ne suka yi wa injin nauyi, ya rage musu tsawo kaɗan, kuma ya tabbatar duk girmansu ɗaya. In ya gwada ba ta tashi ba, ki turo min hotonta ta baya.